Kolobus, birin kurmi mai yatsu huɗu da tumbin saniya

Duk inda aka ambaci biri a ƙasar Hausa, ɓarna ce ke fara faɗowa a ran manomi. Jan biri da ke bin gefen gonaki, da kirka mai zama kusa da gulbi, da bika da ke yawo garke-garke a gandun dajin W, dukansu an san su da hali guda: abin da mutum ya shuka su ma abincinsu ne, in an kore su gabas su ɓullo yamma. Wannan hali shi ya jawo musu tsinuwa, shi ne kuma ya raya su har yau, domin dabbar da ke iya cin gyaɗa da masara da fara da ƙwan tsuntsu ba ta rasa kalaci ko da daji ya ƙare. Akwai kuwa wani dangi na birai a Afirka wanda ba a ba shi ko ɗaya daga cikin waɗannan dabaru ba. Masana na kiransa kolobus. Babu shi a Nijar, amma duk ɗan kasuwar da ya taɓa bin hanyar Kwatano ko Kumasi ko Abijan ya ratsa ƙasarsa, ko abin da ya rage daga cikinta.

Tun kafin zuwan Nasara fataken Gwanja suka san hanyar wannan ƙasa. Ayarin jakai kan tashi daga Kano ko Katsina ko Sakkwato, ya ƙetare kogin Isa, ya bi ta Nikki da Jugu, har ya sauke kaya a Salaga, inda ake ba da kanwa da tufafi a karɓi goro. Goron kuwa daga kurmin Asante yake fitowa. Bayan da Ingilishi suka ci Kumasi da yaƙi a shekarar 1874, ikon Asante ya yi sanyi a arewa, cinikin goro ya gusa zuwa Kintampo, fatake kuma suka yi ta matsawa kudu har suka kafa zango cikin kurmin kansa. Itacen goro ɗan inuwa ne, ƙarƙashin manyan itatuwa yake girma, kuma bisa waɗannan manyan itatuwa ne kolobus ke kwana yana tashi.

Sunan daga Girkanci aka samo shi, ma'anarsa mai dungu. Turawan da suka fara duba hannunsa sun tarar babu babban yatsa, sai wani ɗan ƙulli a gurbinsa, suka yi tsammanin guntule shi aka yi. Alhali kuwa halittarsa ke nan. Yatsun huɗu da suka rage dogaye ne, suna lanƙwashewa tamkar ƙugiya, kuma da su yake cafke reshe sa'ad da ya yi tsalle daga wannan itace zuwa wancan. Hannun bai dace da ɓare kwanson gyaɗa ko kwance bakin buhu ba. Aikinsa rataya, kuma a wannan aiki babu wanda ya kama ƙafarsa cikin biran Afirka.

Dangin ya kasu gida uku. Akwai masu baƙi da fari, iri 5 ne, wanda aka fi sani cikinsu shi ne gereza, sunan da mutanen Habasha suka ba shi: baƙi wuluk, da farar geza mai saukowa daga kafaɗu kamar alkyabba, da farin tukku a bakin wutsiya. Babban namiji kan wuce kilo 10. Ana samunsa tun daga gandun Gashaka-Gumti a gabashin Najeriya, ta Kamaru, har Habasha da Kenya da Tanzaniya. Sai jajaye, waɗanda masana ke lissafa iri 17 daga Senegal zuwa tsibirin Zanzibar. Na uku ƙarami ne, bai cika wuce kilo 5 ba, launinsa toka-toka mai ratsin kore, yana ɓuya cikin sarƙaƙiya tun daga Saliyo zuwa Najeriya. Macen wannan ƙaramin, a makonnin farko bayan haihuwa, a baki take ɗaukar jaririnta kamar yadda kyanwa ke yi, abin da ba a san wani biri da shi ba.

Tumbi mai ɗakuna

Wanda ke son ya gane rayuwar kolobus da mutuwarsa sai ya fara da cikinsa. Ganye abinci ne mai yawa a kurmi, amma mai wuyar ci: akwai tauri, ƙarfinsa kaɗan ne, kuma itatuwa da yawa na zuba ɗaci da dafi cikin ganyensu don kare kansu daga masu ci. Cikin ɗan Adam ba ya iya narkar da shi, haka cikin jan biri. Shi kolobus tumbinsa ya rabu ɗaki uku ko huɗu. A ɗakunan farko akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, miliyoyi bisa miliyoyi, su ke ruɓar da ganyen, su karya dafinsa, su fitar da abin da jiki zai amfana da shi, sa'annan abincin ya wuce ɗakin ƙarshe inda ruwan ciki mai tsami yake. Mahauci da makiyayi sun san wannan tsari sarai, domin irinsa ne a cikin saniya da tunkiya da raƙumi. Bambancin kawai shi ne kolobus ba ya tuƙa. Ana ƙiyasta cewa abin da ke cikin tumbin babba kan kai kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin jikinsa duka, shi ya sa ake ganinsa da teɓa ko da ramamme ne.

Irin wannan ciki yana da sharuɗɗa. Na farko, lokaci. Ruɓar da ganye ba aikin gaggawa ba ne, saboda haka gereza kan shafe fiye da rabin yini a zaune bisa reshe, ƙafafu a rataye, yana gyatsa. Wanda bai sani ba sai ya ce malalaci ne, alhali aiki yake yi. Na biyu, zaɓe. Ba kowane ganye yake ci ba: ya fi son toho da fure da iri da ɗanyun ƴaƴan itace, kuma garke kan san itatuwan yankinsa ɗaya bayan ɗaya, da watan da kowanne ke fitar da sabon ganye. Na uku shi ne mafi ban mamaki ga mai kallon biri a matsayin ɓarawon ayaba: zaƙi cuta ne gare shi. In ya cika ciki da nunannun ƴaƴan itace, ƙananan halittun nan sai su haukace da aiki, tumbi ya yi tsami, ya kumbura. Duk wanda ya taɓa kiwon ragon layya ya ga abin da ke faruwa ranar da ragon ya sami bakin buhun hatsi a buɗe. Ciwon guda ne.

Ganye ba shi da gishiri sosai, don haka wani lokaci kolobus kan sauko ƙasa, abin da ba ya so, ya ci ƙasar wani gefen rafi ko ciyawar cikin ruwa, kamar dai yadda makiyaya ke kora dabbobi zuwa Ingal lasar gishiri bayan damina. A Zanzibar abin ya wuce haka. Jan kolobus na tsibirin, da kurmi ya ƙaranta, ya koma cin ganyen mangwaro da na wani itacen baƙo da aka kawo daga Asiya, dukansu masu ɗaci. Sai aka lura yana cin gawayi. Yakan tsince shi a kututturen da wuta ta ci, yakan je inda ake toya shi, har yakan ɗauke daga kwandon masu sayarwa. Binciken da Thomas Struhsaker da abokan aikinsa suka buga a 1997 ya nuna gawayin na tsotse dafin ganyen, kamar yadda likita ke ba wanda ya sha guba garin gawayi. Ƴaƴa kuma daga uwayensu suke koyo.

Sharaɗin ƙarshe ya fi sauran nauyi a yau. Dabbar da cikinta ke da tsarabe-tsarabe haka ba ta jure keji. Gidajen ajiyar namun daji na Turai da Amurka sun koyi riƙon gereza bayan hasara mai yawa, amma jan kolobus ya gagara, babu inda aka ajiye garkensa yana hayayyafa. Ma'anar wannan a fili take ga wanda ya san labarin mariri, farar dabbar nan mai dogayen ƙahoni masu lanƙwasa da ta taɓa cika Tadres da Tarmit. A shekarar 2000 aka bayyana cewa ta ƙare a daji, amma da yake akwai garkunanta a tsare a ƙasashen waje, sai aka kwaso wasu daga Abu Dabi aka sake su a Cadi tun daga 2016, suka kuma hayayyafa. Jan kolobus ba shi da irin wannan ajiya a ko'ina. Wanda ke bisa itace shi ke nan jarin duka.

Zaman garken ma abin kallo ne. Masu baƙi da fari kan zauna ƴan kaɗan, sau da yawa tsakanin 8 da 15: babban namiji ɗaya ko biyu, da mata, da ƴaƴa. Da asuba namijin kan yi wani ruri mai kama da gurnani, na maƙwabta su amsa, kurmi ya ɗauka gaba ɗaya, kowane garke ya san inda ɗan'uwansa ya kwana ba tare da an yi faɗa ba. Mace kan yi ciki wajen wata 6, ta haifi ɗa guda, ta kuma yi shekara ɗaya da rabi ko biyu kafin ta sake. Jaririn fari fat yake zuwa, fuskarsa ja-ja, sai bayan wata uku ko huɗu ya rikiɗa ya ɗauki launin iyaye. Muddin yana fari, matan garken duka rububin ɗaukarsa suke yi, wannan ta karɓa ta miƙa wa waccan, uwar kuwa ta sami sararin cika tumbi. Sai dai gidan ba ya rasa mugun labari: in baƙon namiji ya kori maigida ya gaje garken, yakan kashe jariran da ya tarar, domin uwayen su dawo ga haihuwa da wuri.

Ranar da bindiga ta shiga kurmi

A cikin daji maƙiyansa uku ne sanannu: damisa, da babbar gaggafar kurmi mai tukku, da shimfanze, babban birin nan marar wutsiya. Shimfanze na farautar jan kolobus a ƙungiyance, wasu su hau su kora, wasu su tare hanya. An ga haka a gandun Tayi na Kodibuwa, an gani a Gombe ta Tanzaniya. A wani yanki na gandun Kibale a Yuganda da ake kira Ngogo, inda garken shimfanze ya yi girman da ba a saba gani ba, ƙidaya ta nuna jan kolobus ya ragu da kashi 89 cikin 100 tsakanin 1975 da 2007. Duk da haka, shekaru aru-aru dangin ya rayu da waɗannan maƙiya, yana da dabarunsa: in haɗari ya zo ta ƙasa sai a haye ƙololuwa, mazan su taru su yi ta ihu suna tunkarar abokin gaba. A Tayi har yakan bi garken wani biri mai kaifin ido da ake kira diyana, don ya riƙa jin gargaɗinsa.

Dabarar da ke maganin damisa ita ce ke miƙa shi ga mai bindiga. Jan kolobus na zama garke babba, wani lokaci 50 har 80, ga surutu, ga jiki mai nama, ga shi in ya ga mutum ba ya gudu ya ɓace kamar sauran birai, sai ya hau sama ya tsaya yana leƙe. Maharbi guda da harsashi isasshe na iya gama da rabin garke kafin azahar. Naman a ƙyafe shi, a ɗora a kamyon katako, ya isa kasuwar birni. Shi ya sa masu binciken kurmi suka ɗauke shi ma'auni: dajin da aka shiga aka ji jan kolobus, da sauran lafiyarsa, in shi ya ɓace, sauran namun na bin sawu ko da itatuwa na nan tsaye. Masu baƙi da fari kuwa fatarsu ce ta fara jawo musu bala'i. A ƙarshen ƙarni na 19 matan Turai suka ɗauki yayin ado da gezar biri, aka yi ta fitar da fatu dubbai bisa dubbai daga gaɓar da ake kira Gana a yau da kuma Habasha. Gaskiya ne gereza ya fi ƴan'uwansa juriya, yana iya zama a ɗan siririn kurmin bakin rafi, har yau ba ya cikin waɗanda ake jin tsoron ƙarewarsu. Jajayen ne ke bakin rami: a lissafin ƙungiyar UICN mai kula da halittun duniya, babu iri ɗaya cikinsu da ya tsira daga barazana, kuma mafi yawansu na cikin aji biyu mafi muni. Ƙidayar da aka buga a 2017 ta sami 5,862 kacal a Zanzibar baki ɗaya.

Labarin da ya fi kowanne ɗaci ya faru ne a ƙasar goron nan da aka ambata. A watan Disamba na 1933 wani Bature mai suna Willoughby Lowe, mai tara dabbobi don gidan tarihi na Landan, ya harbo wasu jajayen birai kusa da Goaso a yammacin Gana. Aka ga ba a san irinsu ba, aka raɗa musu sunan wata mata da ke cikin tafiyar, Miss Waldron, aka rubuta su a littafin masana a 1936. Mazauninsu bai wuce kudu maso yammacin Gana da kudu maso gabashin Kodibuwa ba. A 1974 gwamnatin Gana ta kafa gandun Bia, inda birin ke da yawa a lokacin. Ba a yi shekara nawa ba aka yanke mafi girman gandun aka sauya masa matsayi, masu sarar katako suka shiga. Hanyar da aka share wa kamyo ita maharbi ya bi, bayansa kuma mai gatari da irin kakawo. Ganin ƙarshe da masana suka tabbatar a 1978 ne. Daga 1993 zuwa 1999 John Oates da abokansa suka bi dazuzzukan ƙasashen biyu ɗaya bayan ɗaya, ba su ga ko guda ba, ba su ji kukansa ba, kuma a shekarar 2000 suka buga cewa bisa dukkan alamu ya ƙare.

Abin lura ga ma'aikacin gwamnati shi ne, mafi yawan dazuzzukan da aka bincika suna da suna a takarda, da iyaka a taswira, da dokar da ta hana farauta. Kodibuwa ta ba da misalin da ya fi wannan tsanani. An ƙiyasta kurminta da hekta miliyon 16 a farkon ƙarni na 20, ƙidayar 2021 kuwa ba ta sami miliyon 3 cikakku ba. Wani bincike da aka buga a 2015 ya duba gandaye 23 na hukuma, ya tarar 13 daga ciki babu sauran biri ko wane iri, kuma wajen kashi uku cikin huɗu na filinsu ya zama gona, kusan duka ta kakawo. Ba a ce manomin kakawo mugu ba ne. Talaka ne mai neman abin sa wa a baki, sau da yawa ma baƙo ne daga ƙasashen Sahel, kuma wani ne ya karɓi kuɗinsa ya nuna masa inda zai sara. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gana da Kodibuwa su biyu ke fitar da fiye da rabin kakawon duniya, kuma gonar kakawo, ko da ta yi kore shar daga nesa, ga kolobus daidai take da fako.

Ƙauyukan da suka ƙi

A tsakiyar Gana, kusa da Nkoranza, ba nisa da babbar kasuwar Teciman da direbobin albasa na Galmi suka sani, akwai ƙauyuka biyu maƙwabta, Boabeng da Fiema. Kurmin da ke kewaye da su bai kai murabba'in kilomita 2 ba. A cikinsa akwai wani kolobus baƙi mai farin gemu da fararen cinyoyi da farar wutsiya, irin da ya kusa ƙarewa a Kodibuwa da Togo da Najeriya, wanda UICN ta sa a aji mafi haɗari. A nan kuwa yana zaune bisa itatuwan bayan gida, yara na wucewa lakkol ƙarƙashinsa. Bisa al'adar mutanen wurin, biran ƴaƴan abin bautarsu ne, kashe su haramun ne, kuma in ɗaya ya mutu sai a sa shi a ɗan akwati a binne shi a maƙabarta ta musamman, a kafa allo a rubuta ranar. Akwai wani ƙaramin biri mai suna mona da ke cin wannan alfarma tare da shi, shi kam yana shiga madafa ya ɗauke abin da ya samu. Kolobus ba ruwansa da tukunyar kowa.

Mai gaggawa zai ce to al'ada ta fi doka. Tarihin wurin bai ce haka ba. A farkon shekarun 1970 wasu mabiya wata sabuwar coci suka tashi nuna cewa tsafin ba shi da ƙarfi, suka shiga kashe biran, adadinsu ya faɗi ƙwarai. Dattawan ƙauyukan ba su tsaya jiran abin bauta ya rama ba, suka nemi hukuma, kuma a 1975 aka kafa dokar yanki da ta hana taɓa biran, aka sa ma'aikacin gandun daji. Tun daga nan suka sake yawaita, har suka bazu zuwa ƴan dazuzzukan ƙauyukan kewaye. Baƙi na zuwa kallo suna biya, masu bincike daga jami'ar Kalgari ta Kanada sun yi shekaru suna aiki a wurin. Wato a Bia an yi doka babu mai gadin da abin ya dama, a Boabeng kuwa masu gadin ne suka je suka roƙo dokar. Irin wannan ya faru a Kikele, kusa da Basila a Benin, kudu da Jugun fatake, inda ƴan tsirarun wannan biri suka rage a kurmin al'ada na gefen gari.

Ba wajibi ne sai da tsafi ba. Kogin Isa da ya ratsa Yamai da Gaya, in ya kai ƙarshen tafiyarsa a kudancin Najeriya, yakan rarrabu cikin fadamu kafin ya faɗa teku. A cikin fadamun nan, a jahar Bayelsa, akwai wani jan kolobus da masana ba su san da shi ba sai a 1993. Cikin shekara 20 sarar itace da farauta da aikin man fetur suka mai da shi ƴan ɗaruruwa. Wata ƴar Najeriya mai suna Rachel Ikemeh ta yi shekaru tana zama da mutanen Apoi, har suka yarda suka keɓe wani yanki na dajinsu, suka hana sara da harbi a ciki, ƴaƴansu ne kuma ke sintiri. An ba ta lambar Whitley a 2020 saboda aikinta na kare shimfanze.

Sai dai kada a yi wa mai karatu daɗin baki. Kurmin da bai kai kilomita 2 ba tsibiri ne a tsakiyar gonaki. Saurayin biri da ya isa barin gida ba shi da inda za shi sai ya sauko ya ratsa fili, inda kare da mota ke jiransa, in kuwa ya zauna, jini ɗaya ke ta auren juna. Gobara guda ko annoba guda na iya share aikin shekara 50. Ƙauye na iya riƙe iri kada ya ɓace, amma manyan gandaye irin Tayi, masu faɗin da garke ɗari zai sami abinci, sai hukuma mai biyan ma'aikatanta albashi a kan kari, mai kuma iya ce wa babban ɗan kasuwa a'a. Shirin ceton jan kolobus na shekarun 2021 zuwa 2026, wanda UICN da masanan Afirka suka tsara, ya ɗora nauyin a kan ɓangarorin biyu.

Mutumin Nijar ba baƙo ba ne ga wannan darasi. Raƙuman dawa na Kure sun ragu har 49 a shekarar 1996. Da aka haɗa hana farauta da amfanin da ƙauyukan wurin ke gani, suka haura 600, har aka ɗebi 8 aka kai Gadabeji a jahar Maraɗi a 2018. Dokar farauta ta 29 ga Afrilu 1998 ta taimaka, amma manoman da suka haƙura da ɓarnar wake su suka yi rabin aikin. Haka sassaben zamani ya mai da itatuwa gonakin Maraɗi da Damagaram, ranar da manomi ya tabbata itacen da ya raya nasa ne. Bambancin shi ne gawo da kalgo na tohowa daga kututture cikin ƴan shekaru, itacen kurmi kuwa da kolobus ke kwana bisansa yakan yi shekara ɗari kafin ya kai haka. Kuma akwai igiyar da ta haɗa ƙasashen biyu kai tsaye: Nijar ba ta da kurmin katako, allunan da ke jibge a kasuwar Katako ta Yamai da rumfunan kafintocin Tawa da Maraɗi daga kudu kamyo ke kawo su. Mai saye ba ya tambayar dajin da aka saro su, mai sayarwa ma sau da yawa takardar kwastan kawai ya sani.

Game da birin Miss Waldron, ba a rufe littafinsa ba tukuna. Jim kaɗan bayan sanarwar 2000, wani masani Ba'amurke, Scott McGraw, ya sami fata da wutsiya daga hannun maharba a kusurwar kudu maso gabashin Kodibuwa, da hoton wani da aka kashe. Duka sun fito ne daga kewayen fadamar Tanowe, kurmi mai wajen hekta 12,000 kusa da iyakar Gana, inda ruwa da laka suka hana kamyo shiga. A 2008 aka so a share shi a dasa kwakwar manja, ƙauyukan kewaye tare da masanin birai Inza Kone na Abijan suka tsaya kai da fata har aka janye. Masu nema na da hujjar sa rai: wani jan kolobus na ƙasar Kwango, mai sunan Bouvier, an yi shekara 40 ba a gan shi ba, sai ga wasu matasa biyu sun ɗauko hotonsa a gandun Ntoku-Pikunda a 2015, uwa da ɗanta. A Tanowe an ɗaura na'urorin ɗaukar hoto bisa ƙololuwar itatuwa, an bi rafuka da kwalekwale ana saurare da asuba. UICN na lissafa shi cikin waɗanda mai yiwuwa sun ƙare, kuma tun daga 1933 babu wanda ya taɓa ɗaukar hotonsa da rai.